Kore, Kore, Har Bayan Lakwaja

Tun ranar da na dawo daga kudu ban huta ba. In na je ɗiban ruwa a tare ni, in na je barka a tare ni, har a layin rigakafi sai da wata ta ja mini mayafi ta ce, "Ladidi, wai da gaske ne motar sojoji ce ta zo ta ɗauke ki?" Da gaske ne. Masu cewa kama ni aka yi kuwa, Allah ya shirye su. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, a bar ni in yi wankin ɗana.

Wadda ba ta sani ba, maigidana soja ne, kofur, a ɓangaren masu gina gada da kwalbati. Ya koma bakin aiki ina da ciki wata biyar. Na haihu ba ya nan, aka yi suna ba ya nan, aka sa wa yaron sunan kakansa, muna kiransa Malam Ƙarami. Har yaro ya kai wata bakwai ubansa bai taɓa jin nauyinsa a hannu ba, sai hoto. Ran nan da Juma'a sai ga waya: ranar Alhamis da azahar za a kwashe su zuwa wani daji su gina gada, inda ba a kai iyali, kuma ba wanda ya san ranar dawowa. Ya nemi hutu bai samu ba. Ya ce, "Ki kawo mini shi in gan shi kafin mu tashi."

Ni da ban taɓa wuce Kano ba! Ni da in yaron nan ya yi atishawa biyu sai in wuni ina taɓa masa goshi! Inna, surukata, ta ce ta yarda, amma sai dai in bi Gwaggo Tabawa, ƙanwar baban maigidan, wadda take sayen wake a Dawanau ta kai kudu, ta dawo da manja.

Shi kuwa da ya san halina na tsoro, sai ya turo mini wani abu a waya. Ya ce manhaja ce, shi ya haɗa ta da kansa.

Na ce, "Yaushe ka yi karatun kwamfuta ban sani ba?"

Ya yi dariya ya ce, "Yanzu ba sai da wannan karatun ba. Akwatuna ne a shirye, ka ja wannan da yatsa ka ajiye nan, ka ja wancan ka ajiye can, kamar yadda kike jeren kwanuka a ɗaki. Kyaftin ɗinmu da irinta take tafiyar da aikinmu gaba ɗaya. Kowane aiki da katinsa, da mai alhakinsa, da ranar gamawa. Tata na kwafo na canza sunaye."

Ku riƙe maganar kwafowar nan, za ta dawo.

Ya yanka mini tafiyar kati-kati, kowanne da hotonsa don kada karatu ya ba ni wuya: ga mota, ga tasha, ga gada. In lokacin kati ya yi, sai muryarsa ta fito daga wayar tana tambayata, ni kuma in danna ɗaya cikin uku. Kore, komai daidai. Ruwan ɗorawa, an ɗan makara. Ja, an shiga matsala. A lissafinsa Litinin mu kwana a Kano, Talata da asuba mu hau bas, da yamma yana tasha yana jiranmu. Kusan kwana biyu zai yi da ɗansa.

Litinin muka tashi. Inna ta ɗaure mini kuka da daddawa da yaji da ƙuli-ƙuli kamar can ba a cin abinci, Babana kuma ya aiko da kankana biyu daga gonarsa ta Watari. A motar Ɗanbatta mu huɗu aka matse a baya, kankana ɗaya a cinyata, yaro a kan kankana. Muna shiga Kano wayar ta ce, "Kun iso Kano lafiya?" Na danna kore, na ji kaina ya yi girma. Wannan koren dai na gaskiya ne, ku shaida.

Gwaggo Tabawa kun san ta, muryarta tana riga ta shiga gida. Da na ambaci bas sai ta riƙe haɓa.

"Bas? Ina da tirela cike da wakena za ta bi hanyar nan, in je in matsu a bas? A gaban mota za mu zauna, 'yar nan, kamar matan gwamna."

Talata da asuba muna Dawanau. Tirela ba ta cika ba. Hantsi ya yi ba ta cika ba. Ina zaune a kan buhu ina korar ƙuda daga fuskar yaro, sai muryar maigidan ta tashi a tsakiyar kasuwa: "Kun tashi daga Kano lafiya?"

To ku gaya mini, 'yan uwa. Mijinki ya gaishe ki ya ce lafiya, me za ki ce masa? Ko a gadon asibiti kike "da sauƙi" za ki ce. Kakata ranar da za ta rasu aka tambaye ta jiki, ta ce alhamdu lillahi. Kuma ni lafiyata ƙalau, yaro lafiyarsa ƙalau, tashin ne kawai ba mu yi ba. Na danna kore.

Abin da ban sani ba, wayar da agogo take aiki, ba ruwanta da tirela. Jim kaɗan ta ce, "Kun wuce Zariya lafiya?" Na yi kamar ban ji ba, ta sake. Ta sake. Wani dattijo mai awon dawa ya ce, "Baiwar Allah, ki amsa wa bawan Allah nan mana, tun ɗazu yake gaishe ki." Na danna kore. Kafin tirelar nan ta bar Dawanau da la'asar, a waya har na wuce Kaduna.

Direbanmu Malam Sabo ne, goro ba ya barin bakinsa, kuma tirelarsa Hajiya Babba yake ce mata. In za ta hau tudu sai ya shafa sitiyari ya ce, "Yi haƙuri, Hajiya, saura kaɗan." Gwaggo ta ce matarsa ta gida ba ta samun rabin wannan lallashin. Ya ce ai ta gida ba ta ɗaukar wake.

Da magariba maigidan ya kira, ya ce yana tasha tun ɗazu. Kafin in buɗe baki Gwaggo ta fizge wayar.

"Ga mu nan kusa, ɗana! Cunkoso ne. Koma ka huta."

Ta kashe ta miƙo mini. Na ce, "Gwaggo, ko Zariya fa ba mu kai ba."

Ta ce, "Namiji yana bakin aiki cikin bindigogi, a tayar masa da hankali? Ke yarinya ce."

Kati na ƙarshe shi ne, "Kun iso tasha lafiya?" Wannan kam na kasa dannawa, don ya wuce gaisuwa ya zama ƙarya tsirara. Wayar ta yi ta tambaya, na rasa yadda zan yi da ita, sai na cusa ta cikin ƙullin kuka na ɗaure.

Bayan Kaduna muka yada zango inda manyan motoci suke tsayawa. Wata mai tuwo, ƙawar Gwaggo, ta ba mu tabarma a ɗakin da take ajiye tukwane. Na kafa wa yaro gidan sauron da na zo da shi, matan wurin suna ta dariya wai na kawo ɗan sarki. Da safe duk sun tashi da kumburin cizo, ɗan sarki kuwa fes.

Laraba muka bi ta gefen Abuja, ban ga komai ba sai duwatsu da bayan wata tankar mai. Daga nan ƙasa ta fara canzawa. Gero ya ɓace, dawa ta ɓace, sai itatuwa a cunkushe kamar ba mai su. A gadar Lakwaja na rufe ido na rungume yaro ina salati, don ruwan nan an ninka dam ɗin Watari ban san sau nawa ba. A wajena nan ne iyakar ƙasarmu. Akwai shingen bincike a wurin, wani jami'i ya hau ya ce a kwance ƙullin nan. Ya kwance na daddawa, ya kai hanci, ya sauka bai ko waiwayo ba.

Ƙetaren gada na ga abubuwa. Mace da zani a kan babur, ta goyo ɗa, ta ɗauko wata a baya, ba wanda ya ko kalle ta. Gidaje ba katanga, kana wucewa kana ganin abin da aka ɗora a murhu. Wani gidan ma kabari ne a ƙofarsa, an shafe shi da siminti, yara suna zaune a kai suna cin rogo. Na ji wata ta ƙwala wa mijinta kira da sunansa na yanka a tsakiyar titi, shi kuma ya amsa da fara'a. Na dubi Gwaggo, ta ce, "Rufe bakinki, ƙuda zai shiga."

Da la'asar, a wani ƙauye da ko Gwaggo ba ta san sunansa ba, Hajiya Babba ta yi tari uku ta tsaya. Lallashin Malam Sabo bai yi ba. Aka kira bakanike, ya leƙa ƙarƙashi ya fito yana murmushi.

"Ba komai ba ne. Yanzu za ta tashi."

Gwaggo ta zaro wayata daga kuka ta shaida wa maigidan cewa mota ta ɗan tsaya shan iska. Na ji muryarsa yana cewa, "A ina? Gwaggo, a ina?" Ta ce sabis ba kyau, ta mayar cikin kuka.

Wata mai sayar da abinci a bakin titi, Mama Ojone, ita ta sauke mu. Hausarta ta kasuwa ce amma ana ganewa. Ba ta tambaye ni ba ta sunkuci yaro ta ɗaga sama tana cewa, "Kai, ƙato! Dubi kumatu! Dubi cinya!" Ba tubarkalla, ba masha Allah. Ni kuwa ina binta a baya, duk yabon da ta yi sai in liƙa masa tubarkalla a hankali, har ta juyo ta ce ko ina jin sanyi ne bakina yake rawa. Amma matar nan ta dafa wa yaro ruwan wanka, ta ba mu ɗakin 'yarta, ta kawo teba da miyar agushi da kifi banda. Sau uku na tambaya ko kifin nan da gaske kifi ne. Teba kuwa ba a taunawa, haɗiya ake yi. Ni na tauna, ta kama mini haƙora kamar ƙaro.

Alhamis da asuba na fito alwala, sai na ga cikin Hajiya Babba a shimfiɗe a kan tabarma, ƙarfe-ƙarfe, kamar an yi shanyar kuɓewa. Bakanike yana kan babur zai tafi wani gari neman abin da ya karye. Na ce, "Malam, yaya motar?"

Ya ce, "Lafiya lau, Hajiya. Yanzu za ta tashi."

Na tsaya ina kallon fuskarsa. Ba mugu ba ne. Bai so ya tayar mini da hankali ne kawai. Kuma saboda kirkin nan nasa na kwana a nan, alhali da ya faɗa mini gaskiya jiya da na nemi wata motar. Ina cikin wannan sai Mama Ojone ta fasa kankanar da na ba ta tukuici. Waje kore shar, ciki ja wur. Na ce a raina, Ladidi, ga ki nan a faranti.

Azahar za su tashi. In na ci gaba da gaisuwa, mutumin nan zai shiga daji bai ga ɗansa ba, kuma Allah kaɗai ya san abin da ke dajin. Na kwance ƙullin kuka na ciro wayar, ta yi kore ita ma. Na goge ta da bakin zani. Muryarsa ta ce, "Kun iso tasha lafiya?" Ji nake kamar zan ɗaga wa mijina murya a gaban mutane. Na danna ja.

Gwaggo ta ce, "Shi ke nan, kin tona mana asiri."

Hantsi bai gama ɗagawa ba muka ji ƙasa tana girgiza. Motar sojoji biyu, da wata ƙatuwar janwe mai ƙugiya a baya. Masu shago suka fara rufewa. Malam Sabo ya tofar da goro ya ɗaga hannu sama tun ba a ce ya ɗaga ba. Sojoji suka diddiro, wani saje dattijo mai gashin baki ya nufo tirela yana faɗa.

"Ina simintin? Wa ya danna ja?"

Gwaggo ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Wane siminti? Wake ne, ɗan nan, kuma nawa ne, ba mai taɓa shi."

Na ɗaga yatsa kamar a aji na ce, "Ni ce."

Saje ya dube ni, ya dubi goyona, ya dubi wayarsa. Sai ga wani soja ya sauko daga mota a ƙarshe, a hankali, gumi ya jiƙa masa kaki. Maigidan ne.

Ashe katin da ya kwafo ya mai da shi nawa, katin motar simintin gadarsu ne. Ya canza suna da hoto a sama, amma ya manta da umarnin da ke ƙarƙashi: duk wanda ya danna ja, saƙo ya tafi wajen Kyaftin da Saje, har da inda mutum yake a taswira. Su kuwa abin da suka gani shi ne siminti ya maƙale a hanya, ranar tashi. Shi ma saƙon ya shigo masa, ya san ni ce, amma ya ga in ya yi magana za a fasa turo mota. Sai ya ce ya san hanyar, ya haye.

Ya tsaya a ƙame yana yi wa Saje wannan bayani, idonsa kuwa yana kan goyona. Na sauko da yaro. Ga Gwaggo a tsaye, ga ɗan fari, kun san ba zai miƙa hannu a gabanta ba. Ni ma na sunkuyar da kai. Muka tsaya cirko-cirko, yaro yana tsotsar yatsa yana kallon ƙugiyar janwe.

Saje ya ja gashin baki ya daka tsawa: "Kofur! Ɗauki siminti!"

Ya ɗauka. Ya ɗan ɗaga shi sama yana jin nauyinsa a hannu. Malam Ƙarami ya kama masa hula ya cire ya sa a baki. Gwaggo ta juya baya wai tana duba wakenta, amma na ga tana share ido da gefen mayafi.

Tunda janwe ta riga ta zo, Saje ya ce a ja Hajiya Babba zuwa gari. Malam Sabo har da rawa.

Ƙofar bariki wata iyakar ce. Mai gadi ya riƙe allon waya ya ce sai na faɗi sunan wanda na zo wurinsa. Ga mutumin a tsaye kusa da ni da ɗa a kafaɗa! Na ce, "Shi ne wannan." Ya ce suna. Na ce, "Baban wannan." Ya ce suna. Gwaggo ta ture ni ta faɗi sunan, har da na ubansa da na kakansa da unguwarsu, da ƙarfin da na tabbata an ji a Ɗanbatta.

Kyaftin mace ce, 'yar siririya mai tabarau, ta iya Hausa don a Zariya ta girma. Na ga maigidana ya ƙame a gabanta ko ƙiftawa ba ya yi, na ce ashe akwai wannan a duniya. A bangon ofishinta akwai wani babban allo kamar talabijin, katunan aikinsu a jere, duk kore. Ta buɗe nawa ta ce, "Talata da hantsi kin ce kin wuce Zariya. Kina ina?"

Na ce, "Dawanau, ranki ya daɗe."

"To me ya sa kika danna kore?"

Na ce, "Gaishe ni ya yi. A wajenmu in babba ya ce lafiya, ba a ce masa a'a."

Ta juya ta daɗe tana kallon allon nan nata mai kore. Sannan ta ce, "Saje, injin kwaɓa siminti lafiyarsa?"

"Lafiya lau, ranki ya daɗe!"

Ta ci gaba da kallonsa ta saman tabarau.

Gashin bakin Saje ya motsa. Ya ce, "Da sauƙi, ranki ya daɗe."

"Tun yaushe?"

"Sati biyu."

A gabana ta jawo kwamfuta, ta sa yatsa ta ja wani akwati ta jefar, ta jawo wani ta ajiye. Ko tafasar ruwan shayi ba a yi ba ta gama. Ta ce daga yau manhajar ba za ta ƙara tambayar kowa lafiya ba, abin da za ta tambaya shi ne, "Me ya lalace yau?" Kuma ba ta karɓar kore sai da hoto.

Maigidan bai tsira ba. Tsallen kwaɗo ya yi daga ofis har bakin tuta saboda man janwe, ni kuwa na rufe fuska da mayafi, Gwaggo tana ƙirga masa. Da ya gama Kyaftin ta ce ya tafi, kada ta ga fuskarsa sai an busa tashi. Awa biyu da 'yan mintuna muka samu, a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro. Ya ci ƙuli-ƙulin Inna, ya yanka kankanar da ta rage, yaro ya yi barci a ƙirjinsa ya jiƙa masa kaki da miyau, ya hana ni gogewa. Kwana biyu ya tsara, awa biyu ya samu, kuma ni na cinye sauran da gaisuwa. Bai faɗa ba. Ni na faɗa, ya ce in bari.

Kafin su hau mota ya juya manhajar, ya zama shi ne mai dannawa ni ce mai gani. Kyaftin da kanta ta cire umarnin simintin. Muka dawo a bas, ni da Gwaggo da jarkokin manja, ba abin da ya faru sai zanina da ya yi ja.

Sati uku kullum kore yake turowa, ni kuwa kullum gabana yana faɗuwa, don na san yadda ake yin kore. Ran nan ina tankaɗe sai wayar ta yi ƙara. Ja. Rariya ta faɗi daga hannuna. Na buɗe, sai muryarsa: haƙori ke damunsa kwana biyu, kuma takalminsa ɗaya ya faɗa kogi ya tafi.

Na zauna a ƙasa ina dariya har da hawaye. Inna ta fito ta ce, "Ke lafiya? Ɗana yana ciwon haƙori kina murna?"

Washegari ya turo kore. Na dube shi na ajiye wayar, na ci tuwona har da ƙari.